Kuɗin Bazara: Yadda Zafi Ke Cinye Abin da Aka Tanadar wa Damina

Duk magidancin da ya taɓa zama da alƙalami a ƙarshen watan Mayu ya san tambayar da ke tokare masa wuya: ina kuɗin suka shiga? Bai sayi fili ba, bai sauya babur ba, babu wanda ya yi masa sata, amma abin da ya ajiye tun kaka da niyyar sayen taki, ko gyaran rufi, ko biyan kuɗin makarantar yara, ya zagwanye har ba ya iya nuna abu guda mai girma da ya saya da shi. Wannan ba halin mutum ɗaya ba ne, kuma ba almubazzarai kaɗai yake samu ba. Bazara tana da salon cin kuɗi wanda ya sha bamban da na sauran lokutan shekara, kuma wanda bai gane wannan salo ba zai iya yin tsimi da tattali wata tara, sannan wata uku su kwashe abin da ya tara.

Abin da muke kira bazara shi ne tsakanin janyewar hunturu, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da zaman damina sosai, wanda a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram yakan kai watan Yuni. A watan Afrilu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Tawa yakan haura digiri 40, kuma dare ma ba ya kawo sauƙi, domin bango da rufin kwano suna amayar da zafin da suka sha da rana har gabanin asuba. Abubuwa biyu ne suke haɗuwa a waɗannan watanni, kuma haɗuwarsu ita ce tushen matsalar. Lokacin da jiki ya fi matsa wa mutum ya kashe kuɗi don ya sami sa'ida, shi ne kuma lokacin da gida ya fi nisa da girbin da ya wuce, ya fi kusa da shukar da ke tafe. Ma'aikacin da ke karɓar albashi a birni zai iya ɗauka cewa wannan lissafin manoma ne, amma farashin mudun da yake awo da kwandon tumatirin da ake yi masa miya duk kalandar gona suke bi, alhali albashinsa bai san damina ba, bai san bazara ba.

Farkon abin da ke ƙara tsada shi ne ruwa. Rijiyoyi suna ja da baya, wasu su ƙafe, famfo ya ɗauke, a daidai lokacin da wanda yake wanka sau ɗaya a hunturu ya koma yin biyu ko uku, wanki ya ƙaru, dabbobin gida su ninka abin da suke sha. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura ba shi da laifi idan ya ƙara kuɗin jarka, domin shi ma layi yake bi a rijiyar burtsatse, kuma mai rijiyar da fetur ko dizal yake tayar da injinsa idan babu wuta. Saboda haka gida yana fuskantar ƙari biyu a lokaci guda: yawan jarkokin da ake saye ya hau, kuɗin kowace jarka ma ya hau. Wanda ya kasafta wa ruwa abin da yake kashewa a watan Disamba, ya riga ya ci bashin kansa tun kafin Afrilu ta kama.

Sai neman sanyi, wanda shi ne ɓarawon da ba a jin motsinsa. Ƙanƙara, ruwan leda mai sanyi, zoɓo, kunun aya, lemon kwalba, kankana da aka yanka a bakin titi: babu ɗaya daga cikinsu da kuɗinsa ya kai a tsaya a yi shawara da kowa. Mu ƙaddara gida yana kashe naira 700 a kullum a kan irin waɗannan abubuwa, wanda ga iyali mai yara biyar ba wani yawa ba ne. A kwana 90 ya kama naira 63,000, wato ya kusa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Da an kawo wa magidancin nan takarda a ce ya biya 63,000 lokaci guda don ƙanƙara da lemo, da ya ce ba a isa ba. Amma da yake ɗari biyu-biyu da ɗari uku-uku ake karɓa, sai ya biya bai ma sani ba.

Wutar lantarki ta fi duka nauyi, kuma a nan ne shekarun baya-bayan nan suka sauya lissafi gaba ɗaya. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare, ana sayar da lita a ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta haura 500, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Ƙaramin janaretan da ake tayarwa don fanka ta juya har yara su yi barci, wanda a dā ba a sa shi cikin manyan kashe-kashen gida, ya koma abin da ke gogayya da kuɗin abinci. Idan yana shan lita 2 a kowane dare, kuma aka ƙiyasta lita a naira 1,000, to a kwana 90 an ƙona naira 180,000, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Waɗanda ke kan layin da ake kira rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, su ma ba su tsira ba, domin a watan Afrilun 2024, a tsakiyar zafi, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta NERC ta ɗaga musu farashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan rage. Mai mita yana ganin yadda firji da na'urar sanyaya ɗaki suke lashe abin da ya loda. Wanda ba shi da mita kuwa yana biyan kuɗin ƙiyasi ko da ya kwana a tsakar gida yana fifita.

Akwai kuma rashin lafiya, wadda ba ta sallama. Ƙasar Hausa tana cikin zirin nan na Afirka da ake kira yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma cutar ta fi tashi ne a lokacin ƙura da zafi, ta lafa idan ruwa ya sauka. Waɗanda suka ga ɓarkewar 2017 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu, ba sa buƙatar a tuna musu. Ƙyanda ma a wannan lokaci take yawaita. Ta fuskar aljihu, abin lura shi ne cewa rigakafin waɗannan cututtuka kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati da kuma lokacin gangami, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'o'in sanƙarau biyar. Jinya kuwa tana iya cinye buhunan hatsi da tumaki cikin mako guda. Barin tagogi a buɗe, rage cunkoso a ɗakin kwana da kai yaro allura ba su cin ko sisi, amma suna cikin manyan matakan tattalin kuɗi na bazara, ko da yake ba wanda ke lissafa su a haka.

Abin da ya sa waɗannan kashe-kashe suke da wuyar kamawa shi ne cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana da hujja mai ƙarfi a lokacin da ake yin sa. Mutumin da ya dawo daga kasuwa da ƙarfe biyu na rana, gumi ya jiƙe masa riga, ba ya cikin halin auna taki da ruwan sanyi; uban da jaririnsa ke kuka da tsakar dare saboda ƙurajen zafi ba zai tsaya lissafin lita ba. Kuma ba na ganin laifinsu. Kuskuren ba a wannan sa'ar yake faruwa ba, ya riga ya faru tun makonni kafin nan, lokacin da aka bar kuɗin noma da kuɗin cefane da kuɗin ko-ta-kwana a wuri guda, ba tare da an raba wa kowanne suna ba. Da sanyin safiya ake kama fara: shawarar da aka yanke a watan Fabrairu, hankali kwance, ita ce kaɗai ke iya tsayawa gaban zafin Afrilu.

Sauyin yadda muke riƙe kuɗi ya ƙara buɗe wannan ɓaraka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, har mai shayi da mai kankana suka koma karɓar tiransifa, kuma manhajoji irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga kowane lungu. An sami sauƙi, babu musu. Amma wanda ya fita da dubu biyu a aljihu yana ganin ƙarshensu da idonsa, ya san lokacin da zai tsaya. Wanda duk abin da ya mallaka yake cikin wayarsa kuwa, tamkar ya fita ne da rumbunsa a kafaɗa. A kan haka ga kuɗin da mai POS ke caja a kowane ciro, ga harajin naira 50 da ake yanka a tiransifar da ta kai naira 10,000, waɗanda ba sa zafi ɗaya-ɗaya sai an tara su a ƙarshen wata.

To, wane ne mai kuɗin da ake ci? A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin kuɗin da ke hannun mutum a bazara yawanci ba nasa ba ne na yau, na damina ne da aka ba shi ajiya. Manomi yana da sharar gona, da kai takin gargajiya, da iri, da takin zamani, da maganin feshi, da kuɗin shanun huɗa ko tarakta, da na 'yan ƙwadago a noman farko da maimai. A 2017, ƙarƙashin shirin takin zamani na fadar shugaban ƙasa, an ƙayyade buhun NPK a naira 5,500; yau ana maganar ninkin wannan sau da yawa, kuma farashin yana ƙara hawa ne daidai lokacin da kowa ya fito nema. Matashin da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya wuni yana tura baro ko yana ga-ruwa, yakan dawo gida a ƙarshen bazara da abin da ya tara, kuma wannan kuɗin shi ne jarin noman gidan gaba ɗaya. Makonnin da ke tsakanin saukarsa daga mota da saukar ruwa su ne mafi haɗari ga wannan jari, domin abokai suna jiran a yi musu alheri, akwai sabuwar waya a kanti, akwai zance da ake son a je da kwalliya, akwai 'yan uwa da kowa ke da buƙata ta gaskiya. Idan kuɗin ya ƙare kafin shuka, hanyoyin da suka rage duk masu ɗaci ne: a sayar da akuya ko tunkiya a lokacin da ta rame saboda tsadar harawa da dusa, kuma kasuwa ta cika da masu sayarwa irinsa, ko a karɓi bashin da za a biya da buhu a kaka, lokacin da buhun ba shi da daraja, ko a shuka gona babu taki, a girbi rabin abin da ya kamata, wanda ke nufin bazara mai zuwa za ta fi wannan tsanani.

Mazaunin birni ma damina tana bin sa nata bashin. Iskar da ke rakiyar ruwan farko ita ce ke kwashe rufin da ƙusarsa ta saki, ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe, indararo da magudanar ruwa suna son gyara tun sama ba ta haɗa hadari ba. Zango na uku na makarantu yakan fara a ƙarshen Afrilu, jarrabawar JAMB da WAEC da NECO duk a tsakanin Afrilu da Yuli suke, kowace da ɗawainiyarta. Sannan hatsi, wanda a mafi yawan shekaru yake araha a kaka, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba. A watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, kuma gidajen da suka shiga wannan damina babu ajiyar gero ko masara sun ji a jikinsu.

A kan duk wannan sai kalandar Musulunci ta ɗora nata nauyi, wanda yake matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya a kowace shekara. Azumin 2024 ya fara ne a 11 ga Maris, na 2025 a 1 ga Maris, wato duka biyun sun faɗo cikin zafi, inda ƙanƙarar buɗa-baki ta zama kamar wajibi, kayan sallah kuma suka biyo baya. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025, kuma a shekarun da ke biye za ta riƙa shigowa cikin Mayu, daga nan Afrilu, ma'ana ragon layya da buhun taki za su yi ta neman kuɗi guda a wata guda. A nan ya kamata a tuna abin da malaman mazhabar Malikiyya suka faɗa, cewa layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba ya buƙatar kuɗinta don wata lalura ta shekararsa. Wanda ya ci bashi ya yanka rago don kada maƙwabta su ga gidansa babu hayaƙi, sannan ya rasa abin ciyar da iyali a watan Agusta, ba addini ne ya ɗora masa wannan ba.

Bukukuwa kuwa sai an yi musu adalci. Gudunmawar biki da suna ba asara ba ce. Wani nau'in ajiya ne a hannun jama'a, wanda ke dawowa ranar da mutum ya tashi nasa, kuma wanda ya yanke ta ya yanke igiyar da zai kama ranar da ya faɗa rami. Abin da ke cin kuɗi ba tare da ya dawo ba shi ne abin da aka yi wa zumunci ƙari: anko kala biyu ko uku a biki guda, ɗinkin da ba za a sake sawa ba, liƙi don a gani, hayar zaure da mai hoto da mai kwalliya a gidan da ake bin mai shago bashin shinkafa. Ana iya zuwa biki da tsohuwar atamfa mai tsabta a ba da gudunmawa mai kauri, kuma amarya za ta fi amfana da hakan fiye da a ce an zo mata cikin anko hannu rabbana.

Kashe kuɗi da niyya ba rowa ba ne, kuma ba hana iyali shan ruwan sanyi ba ne. Alƙur'ani ya siffanta bayin Allah nagari a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan suka ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa ne a tsakani. A Suratul Isra'i, aya ta 29, an hana a ƙuƙunce hannu a wuya, an kuma hana a shimfiɗa shi gaba ɗaya. Ma'anar niyya a nan ita ce mutum ya riga zafi yanke hukunci. Ya ce, wannan na taki ne, wannan na hatsin damina ne, wannan na makaranta ne, wannan kuma na sanyi ne da jin daɗin yara, ya ware na ƙarshen da gangan kuma ya kashe shi ba tare da jin ya yi laifi ba. Kasafin da bai bar wa ƙanƙara gurbi ba, a mako na biyu zai rushe, domin an gina shi a kan mutumin da ba ya jin ƙishirwa.

Kakanninmu sun san cewa niyya kaɗai ba ta isa ba, sai an yi mata katanga. Shi ya sa rumbu yake da ƙaramar ƙofa a sama, wadda sai an hau kafin a buɗe, kuma maigida ne kaɗai ke da ikon ɗiba. Shi ya sa ake ajiye gero a damminsa maimakon a sussuke shi duka, domin abin da sai an yi sussuka da sheƙa kafin a kai kasuwa ba ya fita da garaje. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bayar ke nan a aya ta 47 ta surarsa, cewa abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Binciken zamani ma ya iso ga wannan matsaya. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun yi nazari a kan manoman masara a yammacin Kenya, suka wallafa a 2011. Manoman suna cewa suna da niyyar sa taki, amma lokacin shuka sai kuɗi ya ƙare. Da aka ba su damar biyan kuɗin takin nan take bayan girbi, a cikakken farashi, da alkawarin kawo musu shi har gida kyauta, sai yawan masu amfani da taki ya ƙaru ƙwarai, kwatankwacin abin da ragi mai yawa ke kawowa idan aka yi shi a makare. Ba kuɗi aka ƙara musu ba, lokacin yanke shawara aka matso musu da shi.

Darasin da ke ciki ga mai noma da mai albashi ɗaya ne: kuɗin da aka yi wa suna a mayar da shi abin da aka ambata tun da wuri. Kuɗin taki ya zama buhun taki a ɗaki, a ɗora shi a kan katako nesa da danshi. Kuɗin rufi ya zama kwano da ƙusa. Kuɗin makaranta a kai shi makaranta ko da zango bai fara ba. Kuɗin abinci ya zama gero da masara da wake. Ga wake akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira aka kuma yaɗa shi a Najeriya da Nijar, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, takardar kuɗin da aka adana a akwati tana ramewa ko ba a taɓa ta ba, don haka mayar da ita kaya kariya ce ta fuska biyu. Sai dai a bambance ajiyar ci da ajiyar jiran tsada: waɗanda suka tara masara don riba sun ga yadda farashi ya faɗi a 2025, kuma ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a abu ne da shari'a ta hana. Masu adashe kuma za su iya roƙon uwar adashe ta sa kwasarsu ta faɗo a watan da babbar buƙata take, maimakon a karɓa a watan da babu abin yi da ita sai ɓarnatarwa.

Bazara ba tsada kaɗai take kawowa ba, tana da arahar da ake bari ta wuce. Albasar Aliero a jihar Kebbi da ta Galmi a Nijar a wannan lokaci take cika kasuwa, kuma tana ajiyuwa idan aka shimfiɗa ta a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai da attaruhu na noman rani, irin na Kadawa da Kura a jihar Kano, suna araha har farkon zafi, sannan su yi tashin gwauron zabi da zarar damina ta kusa. Ranar da ke ƙona mu ita ce kuma ke busar da kauɗa da kuɓewa kyauta. Uwargidan da ta yanka kwando biyu ta shanya a watan Maris ta sayi miyar watan Yuli a farashin Maris.

Haka nan akwai bambanci tsakanin sayen sanyi kullum da sayensa sau ɗaya. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ba da wuta ba, ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a bayansu, kuma sun fi aiki a busasshen zafi irin namu. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fanka mai caji da ƙaramin faifan sola kuɗinsu yana da nauyi a rana guda, amma idan aka auna su da naira 180,000 da muka lissafa wa janareta, sai a ga wanne ne mai tsadar. Sai dai araha ba ta ado: batirin da ba shi da inganci ba ya kai bazara ta biyu, kuma masu sayar da sola a biya kaɗan-kaɗan ya kamata a tambaye su jimillar abin da za a biya har ƙarshe, ba na wata guda kawai ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan mutum ɗaya ne ya san lissafin. A gidaje da yawa maigida yana ba da kuɗin cefane iri ɗaya daga Janairu har Yuni, uwargida kuma ita ke fama da ɗan ga-ruwa da mai ƙanƙara da mai kayan miya, tana cike giɓin da ribar ƙosai ko kuɗin adashenta ba tare da ta faɗa ba, har ranar da abin ya fashe ya zama rigima. Ita ta fi kowa sanin jarka nawa ake sha da mudu nawa ake ci, shi kuma ya fi sanin abin da ke shigowa da abin da ke tafe. Zama guda kafin zafi ya kankama, a faɗi gaskiyar abin da ke akwai, a amince da abin da za a rage da abin da ba za a taɓa ba, ya fi wata uku na zargin juna. Yaran da suka yi wayo ma suna iya fahimtar cewa lemon kwalba na ranar Juma'a ne, sauran kwanaki zoɓon gida.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan magana, domin zalunci ne a ɗora wa talaka laifin abin da ba shi ya jawo ba. Wanda sai ya fita ya samo kafin a ɗora tukunya ba shi da rarar da zai mayar buhu, kuma shi ne ya fi kowa biyan tsada, tunda yana sayen ruwa jarka-jarka, man girki cokali-cokali, hatsi gwangwani-gwangwani, alhali mai hali yana saye a sari a Dawanau ko Singa, yana da tanki a saman gida. Babban kaso na abin da gidaje ke kashewa a bazara haraji ne na rashin ruwan famfo da rashin tsayayyiyar wuta, kuma wannan hakki ne a wuyan hukuma wanda tsimin magidanci ba zai sauke shi ba. Abin da ya rage wa masu ƙaramin ƙarfi shi ne haɗa hannu, kamar yadda ake watanda: gida huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu guda su raba, ko su yi ciniki da ɗan ga-ruwa ɗaya a kan kura cikakkiya maimakon jarka ɗaiɗai.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne iri ɗaya ba. Wanda aka ci don taki yana da gonar da za ta biya shi. Wanda aka ci don fetur ɗin janareta ko anko ya ƙone tun kafin ranar biya ta zo. Mafi muni shi ne na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai yawa da wa'adin mako ɗaya ko biyu, waɗanda ban da haramcin riba, an sha kokawa da yadda wasunsu ke aika wa 'yan uwa da abokan wanda ya makara saƙonnin tozarci. Irin wannan bashi yakan faɗo ne daidai lokacin da ruwa ya sauka, kuma shuka ba ta jira. Idan aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai da daddare, da asuba ake fita da sungumi, domin gero yana son a binne shi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin danshin ya tsere. Wanda irinsa ke rataye a ɗaki, takinsa na jingine a zaure, yana gona kafin rana ta ɗaga. Wanda ya bar su a matsayin lamba a cikin waya kuma zai nufi kasuwa ne, inda zai tarar da layin mutane irinsa da sabon farashi.